Ragowar Kuɗin Ƙofa

A shekarar da gwamnati ta sauya launin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane gab da zaɓe, a shekarar ce na sa ƙofar ƙarfe a gidana na Arkilla. Duk wanda ya zauna Sakkwato a watannin nan ya san yadda aka yi. Mutum yana da albashi a banki amma ba shi da abin sayen yaji. A yi sammako zuwa banki, a wuni cikin rana, a dawo da takarda biyu ko a dawo haka nan. Ɗan kabu-kabu ya ƙi tsohon kuɗi. Mai nama ya ce a tura masa ta waya, ka tura, kai an cire maka, shi bai gani ba, ku tsaya kuna kallon juna kowa da abin da yake saƙawa a ransa. Allah kada Ya maimaita mana.

Kowa ya sha wuya, amma ni tawa ta zo da wani ƙari, kuma sai na koma baya kaɗan za a gane shi.

Tun ina ƙarami hankalina ba ya zama wuri ɗaya. A zauren kakana na yi karatun allo, a nan kuma na koyi ajami, wanda har yau da shi nake yi wa kaina rubutu. Abin da na ji da kunne sau ɗaya na riƙe shi, amma a ce in zauna in maimaita har a tashi, wannan ya fi ƙarfina. Ƙadangare ya wuce, na bi shi da ido har bayan katanga. Wata rana kuma in ɗauki alƙalami in shiga yi wa gefen allo zayyana, a ci abinci a wanke kwano ban sani ba. Da na fara sallah sai abin ya biyo ni can. In tsaya a raka'a, in rasa ta biyu ce ko ta uku. Na kai kuka wurin kakana. Ya ce wanda kokwanto yake zo masa kullum, malamai sun yi masa sauƙi: ya ƙyale kokwanton, ya idar da sallarsa, ya yi sujada biyu bayan sallama. Sannan ya riƙe kunnena, ba da zafi ba, ya ce: "Wanga sauƙi tsakaninka da Ubangijinka na. Haƙƙin mutane ba a yi mishi ba'adi. In ka yi shakka ko ka biya, sake biya."

Da wannan na girma. Ban san sau nawa na biya mai shayi kuɗin shayi guda sau biyu ba. Wasu sukan mayar mini, wasu su sa aljihu. Mutumin da bai amince da abin da ya tuna ba, kowa na iya gaya masa abin da ya faru jiya, shi kuwa sai ya karɓa. Wannan ne ya sa nake murmushi da kowa amma ina kallon hannun kowa.

A sakandare aka zaunar da ni benci ɗaya da wani yaro Kirista. Mahaifinsa malamin lissafi ne da ya zo daga wajen Filato, amma shi a Sakkwato aka haife shi, Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Shi yake kwafe abin da aka rubuta a allo, ni in karanta sau ɗaya a littafinsa ranar jarrabawa, wani lokaci in fi shi maki, ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana. Shi yake riƙe mini kuɗin mota, don in suna hannuna kafin tara na safe sun zama rake. Ya girma ya zama mai walda, yana da shago a kan hanyar Kalambaina. Ni na zama malamin Arabiyya a firamare. Yana kirana Alaramma don tsokana, ina kiransa Injiniya, shi ma don tsokana.

Sunan abin da ke damuna kuwa ban ji shi ba sai da na haura arba'in. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa har na je wurin wani likita. Ya yi mini tambayoyi tun daga yarinta, ya sa na sake komawa, sannan ya ce da Turanci ana kiran abin ADHD. Ya ce ba lalaci ba ne, ba kuma shafar aljanu ba, haka Allah Ya yi wasu kawunan: hankali ba ya tsayawa inda mai shi ya ajiye shi, sai inda wani abu ya ja shi. Na yi hamdala, don ko ba komai na san ba ni kaɗai ba ne. Ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina.

Ita dama ta daɗe da samo mana dabara tun kafin likita. Ranar albashi in ciro kuɗin duka in kawo mata, ta rarraba su cikin gwangwanayen madara: na cefane, na makarantar yara, na wuta da ruwa. Kowace safiya ta ba ni na abin hawa da na goro. Abin da na gani da idona, na taɓa da hannuna, shi ne kuɗi a wurina. Wanda ke cikin waya lamba ce kawai, ba ta da nauyi. Ni kuma tawa dabarar ita ce tafin hannun hagu. Duk abin da ba na so ya kuɓuce sai in rubuta shi a nan da biro, da ajami. Aibinta ɗaya: mai alwala sau biyar a yini, rubutun tafin hannunsa ba ya kai la'asar.

Da kuɗi suka ɓace, gwangwanaye suka zama fanko. Komai ya koma waya, wayar kuma tana aljihuna. A mako guda na sayi fitila mai amfani da hasken rana alhali muna da biyu, na sayi tattabaru ban tanadi inda za su kwana ba. Maiɗakina ta daina faɗa, ta koma kallona kawai, wanda ya fi faɗan ciwo.

Ƙofar, Injiniya ne ya yi ta. Na biya shi kashi biyu tun kafin wahalar, ya zo ya kafa ta, saura kashi na ƙarshe, wanda ya kusa rabin albashina. Ya ce in zai yiwu in ba shi a hannu, don masu sayar da ƙarfe sun daina yarda da waya. Allah Ya taimake ni da wani maƙwabci mai gonar albasa a Dundaye, wanda kuɗi ke shigo masa a hannu, shi kuma yana so ya tura wa ɗansa kuɗin makaranta. Na tura, ya ƙirgo mini sababbin takardu. Na sa su a aljihun gaba na nufi shago.

Ga abin da na tuna na ranar. Na tarar da Injiniya da wani mutum sun kwance janareta. Na zauna a benci, muka gaisa, na ce bari in ga abin da ya toshe. Ban san lokacin da na naɗe hannun riga ba. Mutane suna shigowa suna fita, wani ya zo karɓar taga, wata ta zo cigiyar murhu. Na tuna takardun a hannuna, na tuna launinsu. Na tuna na zaro biro na yi rubutu a tafina. Aka kira azahar, na tsallaka titi na yi alwala, na yi sallah. Daga nan na bi ta kasuwa. Da na isa gida aljihun gaba babu komai, tafin hannuna kuma sai shuɗin tawada da baƙin mai.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ka ba shi?"

Na ce, "Na ba shi."

Har ga Allah, lokacin da na faɗa ban ji ɗigon shakka ba.

Bayan makonni, ina cikin aji, saƙon Injiniya ya shigo: Alaramma, ragowar kuɗin ƙofa fa, ƙarfe ya tashi. Na karanta, na sake karantawa. Yara suna ta maimaita haruffa, ni kuwa idona na kan wayar.

Da a ce kuɗin shayi ne da na bi maganar kakana na wuce wurin. Amma rabin albashi ne, a watan da ake auna shinkafa da kofi. Kuma wannan karon ina ganin hoton abin a kaina: hannuna, takardun, bencin. Abin da ba na gani shi ne hannun da ya karɓa.

Na gaya wa maiɗakina. Ta ce a makon da na je shagon ne na shigo da rabin buhun shinkafa da takalman yara, ta tambaye ni da me na saya, na ce da waya. Muka duba wayar tare. Akwai kuɗin da suka fita a kwanakin, amma sunayen da suka karɓa ban san ko ɗaya ba, don 'yan kasuwa da yawa da asusun wani suke karɓa. Ba mu gane komai ba. Ta ce, "Ni ban ce ba ka ba shi ba. Ban kuma ce ka ba shi ba."

Daga ranar zato ya shige ni, ya samu wuri ya zauna. Na kira Injiniya na ce ai na ba shi ranar janareta. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Alaramma ba ka canzawa." Wa ya fi shi sanin halina a duk garin nan? Wanda ya riƙe mini kuɗin mota shekara da shekaru ya san daidai inda ramin yake. Na fara tuno kwanakin makaranta. Akwai ranakun da yakan ce kuɗin sun ƙare tun Laraba, in yarda. Da gaske sun ƙare? Na tuno gyaran gadon ƙarfe da ya yi mini bayan aurena, wanda nake jin kamar sau biyu na biya. Muka haɗu a wani suna na ga sabuwar waya a hannunsa, na tsaya ina lissafa kuɗinta a zuci har aka shafa fatiha ban ɗaga hannu ba. Na yi istigfari, na koma gida, na sake lissafawa. Na daina bin hanyar shagonsa. Kowace safiya in na buɗe ƙofar ta yi ƙara, sai in ji kamar da ni take.

Da abin ya hana ni sukuni na je wurin baffana, ƙanen mahaifina, wanda mutanen unguwarmu ta cikin gari suke kai wa irin waɗannan matsaloli. Ya saurare ni har na gama. Ya ce bashin dai tabbatacce ne, ni ne nake da'awar na biya, saboda haka ni zan kawo shaida. In babu, shi mai bin bashin ya rantse bai karɓa ba, in biya. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai, in anka ce ka rantse ka ba shi, kana iyawa?"

Hoton yana nan, amma na san kaina. Na sha tuna abin da na yi niyyar yi kamar na riga na yi shi. Na ce, "Baffa, ba ni iyawa."

Ya ce, "To tahi ka ji ta bakinshi."

Na sami Injiniya yana yanka ƙarfe. Ya kashe injin, ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya ce, "A'a, yau Alaramma ya tuna hanya. Ko ɓacewa ka yi?"

Ban yi dariya ba. Na zauna na faɗa masa abin da baffa ya ce, ina kallon fuskarsa don in ga inda za ta motsa. Ya ajiye safar hannu a hankali.

"Rantsuwa? Ni za ka sa rantsuwa kan kuɗɗin ƙohwa?"

"Ba ni na ce ba. Hukuncin ke nan."

"Hukuncinku. Mu an hana mu rantsuwa, ka sani tun muna yara. In na ce i, i ta. In na ce a'a, a'a ta. Ban amshi kuɗɗinka ba."

Na san haka ne, na sha jin mahaifinsa yana faɗa. Amma a wannan lokacin zuciyata cewa ta yi: ga shi, ya samu mafaka. Na ce, "Abin ya zo maka da sauƙi ke nan."

Ya jawo wani guntun ƙarfe ya zauna a kai, muka fuskanci juna.

"Tunda munka kai nan, bari ni ma in hwaɗi tawa. Shekara nawa ina yi maka uzuri? An yi jana'izar babana, mutumin da ya koya maka lissahi kyauta, kai sai washegari ka zo kana riƙe da kai, wai ka manta. Bikin ɗiyata, ka zo an watse. Amma ranar kasuwar tattabaru ba ta taɓa wuce ka ba. Na daɗe ina tambayar kaina, wagga mantuwa taka, ita ka zaɓen abin da za ta ci, ko kai ka zaɓa mata?"

Ban taɓa sanin yana ɗauke da wannan ba. Ashe duk shekarun da nake kallon hannunsa, shi ma yana kallon nawa. Sai na gaya masa maganar likita, abin da ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Na ce ranar jana'izar na yi wanka, na sa riga, na fito, wani ya tsayar da ni kan maganar famfo, ban farga ba sai magariba. Na ce abin da na fi so ma yana kuɓuce mini, ba wanda na raina kaɗai ba. Na faɗi sunan da likita ya faɗa.

Ya ce, "To, madalla. Yanzu ta samu suna da Turanci."

"Ba ka yarda ba ke nan."

"Kai ka yarda da ni?"

Ya mayar da gilashinsa, ya tada injin. Na tashi na tafi.

Azumi ya kama muna haka. A lokacin an bari tsofaffin kuɗi sun dawo, layin banki ya ragu, gwangwanaye sun fara nauyi. Amma ni ban ji daɗin goman farko ba. Ina karatu a masallaci, ina ɗaga hannu in roƙi gafara, sai ƙofar ta faɗo mini. In ban biya ba, ina kwana da haƙƙin mutum a kaina. In kuwa na biya, to abokina na tun yarinta ya dube ni ya ci kuɗina, ya kuma ɗora mini laifi a kai. Ko wanne ne gaskiya, ɗaya daga cikinmu ba mutumin da ɗayan ya ɗauka ba ne. Na rasa wanne na fi tsoro.

Da albashi ya shigo na ce wa maiɗakina a cire kuɗin ƙofa kafin a raba sauran. Ta ce yara fa, kayan sallah? Na ce su sa na bara. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ƙirga ta ƙulle a bakin gyale ta ce, "Wannan karon da ni za a je. Kuma ni zan riƙe."

Muka hau keke mai ƙafa uku da hantsi, muka nufi shagon. Injiniya ya gan mu tare, ya miƙe, ya share mata benci da hularsa.

"Amarya, ke da kanki? Lallai magana ta girma."

"Amarya da 'ya'ya huɗu, Injiniya? Na zo in ga abin da idona ne, don kada gobe a ce da ni aka yi ko ba da ni ba."

Ta kwance gyalen ta miƙa mini, na miƙa masa da hannun dama. Na ce, "Ga ragowar kuɗin ƙofa. Ban tuna komai sabo ba. Ban zo don na gane kai ke da gaskiya ba. Na zo ne don ba na so in kai wannan kabari."

Ya karɓa, ya ƙirga a gabanmu, yana lasar yatsa. Ina kallon yatsun. Da ya gama bai sa a aljihu ba. Ya raba su gida biyu a kan teburin walda, ya daidaita gefensu.

Ya ce, "Tun ranar da ka tahi nike tunani. Makon nan na janareta, madam tana asibiti, mutane suna ta kawo min kuɗɗi guntu-guntu, wani in sa aljihu, wani in miƙa ma mai ƙarhe nan take. Na zauna na bi su ɗaya-ɗaya har kaina ya yi ciwo. Ban ga naka ba. Amma in ce maka ba ya yiwuwa, ƙarya na yi." Ya tura mini kashi ɗaya. "Wanga na shakkata na. Wancan na taka. Kowa shi ɗauki tashi."

Na ce ban zo don a yi mini ragi ba. Ya ce shi ma ba sadaka yake ba ni ba, kada in ɗauka ya yarda na biya. Na ce ni ma kada ya ɗauka na yarda ban biya ba. Maiɗakina ta ce, "To ku dai kun ji kunya, manya da ku." Ta sa hannu ta kwashe kashin da ya turo ta mayar bakin gyale.

Ya ce, "Amarya, ke ce shaida. Ba ni binshi, ba ya bina."

Ta ce, "Na ji, na gani."

Na ce, "In kuɗinka ne muka ɗauka, ka yafe."

Ya ce, "Na yahe. In naka na, kai ma ka yahe."

Na ce na yafe. Muka yi musafaha, hannunsa da zafin ƙarfe.

Har yau ban san abin da ya faru ranar janareta ba, kuma na daina sa ran zan sani kafin ranar da za a buɗe komai. Maganar jana'izar mahaifinsa bai sake tayar da ita ba, ban kuma san ko ya karɓi bayanina ba. Da muka fito ya raka mu bakin titi, ya tsayar mana da keke, ya tsaya yana ciniki da mai keken kamar shi zai hau, har sai da aka rage mana. Ya leƙo ya ce in gaida baffa.